Tambaya da Amsa: Me ya sa samfur ɗina ya fito baƙi ƙirin a TEM?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu a fannin ƙarafa, na tura yankan alminiyam aka saka min a maikroskop na elektron wato TEM, wallahi sai da na goge shi da samfefa har ya koma kamar takarda amma hoton ya dawo baƙi ƙirin ba a ganin komai, dan Allah ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Toh ai takardar nan da kike gani kaurinta ya kai maikromita 100, shi kuwa TEM so yake elektron su ratsa samfur su fita ta ɗaya gefen, kuma ko a na'ura mai kilobolt 200 ana so kaurin ya zama ƙasa da nanomita 100, kinga kenan naki ya ninka abin da ake nema wajen sau 1,000, shi ya sa duhu kawai kika samu.

Gugar da kika yi ba asara ba ce, matakin farko ne. Daga nan sai a huda 'yan faya-fayai masu faɗin milimita 3, don shi ne girman da mariƙin na'urar ke ɗauka. Tunda alminiyam ne ni shawarata a cinye shi da asid da lantarki, akwai injin da ke feso ruwan ta gefe biyu lokaci guda, irin su TenuPol, galibi da haɗin asid na naitirik da metanol da aka sanyaya zuwa wajen digiri 30 ƙasa da sifili, yana ci a hankali har ɗan mitsitsin huji ya ɓullo a tsakiya, da haske ya ratsa sai injin ya tsaya da kansa. Bakin hujin nan shi ake kallo, nan ne ya yi sirantar da ake so. Ki ɗauko faifan da hantsaki maza-maza ki wanke a metanol, in kika yi jinkiri asid zai cinye wurin. Kuma dan Allah kar ki haɗa ruwan nan ke kaɗai, kar a ajiye shi a kwalba a toshe, yana iya fashewa.

Da tangaran ne ko silikon sai a fara yi mai ɗan kwarmi a tsakiya, sannan a riƙa harbinsa da ayon na iskar argon, wato atom masu cajin lantarki, a kaikaice har ya huje, wannan kan ci awowi. Akwai kuma wata na'ura da ake kira FIB mai yanko ɗan falle da ayon na ƙarfen galiyom daga daidai inda ake so, sai dai tsada.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gugar kanta. Alminiyam laushi gare shi, in kika danna shi da ƙarfi ko faifan ya lanƙwashe a hantsaki, ke da hannunki kin haifar da karkacewa a jerin atom ɗinsa, irin wadda masanin ƙarafa Peter Hirsch da abokan aikinsa suka gani da TEM tana motsi cikin alminiyam a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 1956, gobe ki ganta a hoto ki rubuta a kundinki cewa halin ƙarfen ne alhali aikin samfefa ne. Don haka ki bi daga mai kaushi zuwa mai laushi, da ruwa, gefe biyu, ba dannawa, kuma ki shirya faifai kamar 10 don ba duka za su yi kyau ba.