Sansar gaban mota: a bar ta kunne ko a riƙa kashewa?

Tambaya: Malam, na sayi mota ta hannu, shigowar Turai, mai sansar fakin gaba da baya. Ta gaba ba ta aiki sai na sa ribas ko na danna maɓalli, kuma da na ɗan ƙara gudu sai ta mutu. Ina so a gyara min ta zauna kunne kullum. Zai yiwu? Daga wani mai karatu a unguwar Yantala, Yamai.

Amsa: Alhaji, motarka lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Waɗancan ƴan idanun sansar da ke jikin bamba wani sauti suke aikawa wanda kunnen mutum ba ya ji, su saurari dawowarsa, su auna tazara, su yi maka ƙarar gargaɗi idan ka kusanci wani abu. Na gaba ba su cika hangen abin da ya wuce mita ɗaya da ɗoriya ba, kuma idan saura kamar santimita 30 sai ƙarar ta zarce ba yankewa. Shi ya sa suke ɗaukewa idan gudu ya haura kilomita 10 zuwa 15 a awa. Motar da ke kilomita 40 tana cinye mita 11 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin na'urar ta yi ƙara, mai afkuwa ta afku.

Abin da zai yiwu shi ne ta riƙa farkawa da kanta duk lokacin da kake tafiyar hawainiya. A wasu Volkswagen akwai wannan zaɓi cikin saitin allon mota, a Toyota da dama kuma idan ka kunna ta, kunne take zama har ka kashe. Fara duba can kafin ka bari wani ya taɓa maka waya.

Amma ni ban ba ka shawarar haka a Yamai ba. Ɗauki bakin Gadar Kennedy da yamma, ko hanyar Katako: ɗan kabu-kabu ya kutso ta gabanka gwiwarsa na shafar fitila, mai amalanke ya biyo shi, yaro mai tallar ruwa ya jingina da mota. Kowannensu sai ta yi masa kuka. Ƙarar birkin iska na manyan motoci da ta mashin ma kan ruɗa ta. Mako guda kunnenka zai saba, ranar da za ta yi gargaɗin gaskiya, a ce jikanka ne tsaye gaban mota a ƙofar gida, ba za ka kula ba. Danna maɓallin idan za ka shiga gareji ko matsattsen lungu, ya wadatar.

Tambaya: Tawa motar ba ta zo da ita ba. In sayi ta kasuwa a sa min? Ance tana shan batir. Daga wata Hajiya a Tahoua.

Amsa: Hajiya, saya, in dai wurin ajiye motarki matsattse ne. Wutar da take ci kaɗan ce. Batir na mutuwa ne idan mai gyara ya ja waya kai tsaye daga kansa, ta kwana tana aiki. Ki ce ya haɗa ta da layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ya sa miki maɓallin kashewa kusa da sitiyari. Wasu suna haɗawa da fitilar birki, wannan kuwa a kowace tsayawa sai kin sha ƙara. A huda bamba kamar rabin mita daga ƙasa, kada idanun sansar su kalli ƙasa, in ba haka ba tudun yashi ma sai ta ɗauke shi bango. Idan akwai ƙarfen kariya a gaban motar, shi za ta yi ta gani.

Lokacin hunturu ƙura kan toshe su, da damina kuma laka. Tsumma mai ɗanshi ya isa, kada mai wankin mota ya kafa musu bakin tiyo mai ƙarfi kurkusa. Ki kuma sani ba ta ganin rami ko buɗaɗɗiyar lambatu, kuma siririn turke da igiyar rumfa sukan kuɓuce mata.