Ina kwana a Mararaba, ina aiki a Wuse, jikina ya fara gazawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne ɗan shekara 27, mutumin Zariya. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani kamfani a Wuse, Abuja, amma a Mararaba nake haya don nan ne aljihuna ya iya. Ƙarfe 4:30 nake tashi, da na idar da Asuba in kama hanya, in isa ofis 7:30. Ba na tashi aiki sai 6:30 na yamma, ba na shiga ɗaki sai 9:30. Kafin in ci abinci in ɗan taɓa waya 11:30 ta yi. Kuɗin mota kuwa naira 3,000 kullum. Duk bayan mako biyu ina tafiya Zariya daren Juma'a in gaida Hajiyata, in dawo daren Lahadi. Wata uku ke nan kaina na ciwo kusan kullum, ƙirjina na zafi, ina gyangyaɗi a mota da ofis, ga saurin fushi. Ina shan lemon ƙarin kuzari gwangwani biyu ko uku a rana, da maganin ciwon jiki na kemis. Wane magani ya kamata in sha? Sannan ina tunanin cin bashi in sayi mota ko zan samu sauƙi.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka da biro a hannu, domin lissafin da ke cikinta ya fi alamomin ciwon yi mini bayani. Daga 7:30 zuwa 6:30 awa 11 ne, a kwana biyar ya zama awa 55. Hanya tana cin awa biyu da safe, uku da dare, wato awa 25 a mako. Ka haɗa, awa 80 kake bai wa wannan aiki duk mako, ana biyanka ladan 55. Barcinka kuma awa biyar ne, alhali baligi yana bukatar bakwai zuwa tara. Duk daren Allah kana cin bashin awa biyu daga jikinka, kuma Asabar da Lahadin da za ka ɗan rage bashin, rabinsu a titin Kaduna suke ƙarewa.

Ban auna ka ba, don haka ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba. Amma ciwon kai, gyangyaɗi, saurin fushi da zafin ƙirji, in suka haɗu a jikin mai barcin awa biyar, a nan ake fara neman dalili kafin a je wani wuri. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani nazari da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, sun kuma fi su haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17. Wannan nazari awannin aiki kaɗai ya ƙirga, bai sa na hanya ba. Kai ka taka wancan layin tun kafin a lissafa tsayuwarka a bakin titi kana kokawar shiga mota. A shekara 27 ba yau abin zai nuna ba, amma yau ake shuka shi.

Ina so ka cire wa ranka cewa ragwanci ne. Yadda aka tsara garin ne ya jefa ka cikin wannan hali, kai da dubban irinka. Tun da aka mayar da babban birni Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ofisoshi da ma'aikatu suka taru a tsakiya, Garki da Wuse da Maitama, gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya kamawa kuma suka koma gefe. Mararaba da Ado da Masaka ma ba a cikin Babban Birnin Tarayya suke ba, ƙaramar hukumar Karu ce ta Jihar Nasarawa, kuma duk jama'ar da ke kwana a can titin Keffi guda ɗaya suke bi su hau Kugbo su faɗa shataletalen AYA. Tafiyar da da safiyar Lahadi ba ta wuce rabin awa, ita ce take cin awa biyu ranar Litinin. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga, sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka sake buɗewa a Mayun 2024 kuwa ɓangaren Idu da Kubwa da filin jirgin sama yake bi, bai leƙa wajenku ba.

Yanzu mu zo kan hayar da ka ce ita aljihunka ya iya. Naira 3,000 sau kwana 22 naira 66,000 ne a wata, kusan daidai da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A shekara naira 792,000 ke nan. Ka ɗauki wannan ka ɗora a kan kuɗin hayarka na Mararaba, abin da ya fito shi ne ainihin abin da ɗakin nan yake ci maka. Da yawa daga cikin matasan da nake gani ba su taɓa haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya ba, saboda kuɗin haya a dunƙule ake biya sai ya yi zafi, kuɗin mota kuwa kaɗan-kaɗan yake zurarewa ba a ji. To da wannan jimlar za ka shiga neman ɗaki. Ku haɗu ku biyu ko uku, abokan aiki ko 'yan garinku da ka yarda da halinsu, ku kama ɗaki ɗaya a tsofaffin unguwannin da birni ya zagaye, irin su ƙauyen Garki, Mabushi, Utako ko Durumi. Ɗakin zai fi na Mararaba ƙanƙanta, kuma ka bincika sosai kafin ka biya, don wasu wuraren suna fama da barazanar rusau. Amma in tafiyar awa biyar ta koma awa ɗaya, ka samo awa huɗu kullum, kuma babu ƙwayar da zan rubuta maka da za ta ba ka wannan. In tashi gaba ɗaya bai yiwu yanzu ba, ko wurin shimfiɗa tabarma ka samu kusa da ofis daga Litinin zuwa Alhamis, ka riƙa ba da gudummawar haya, ya wadatar a fara.

Maganar mota kuwa, ban goyi baya ba, aƙalla a wannan halin da kake ciki. Motarka ba za ta tashi sama ta tsallake cunkoson Nyanya ba, layi ɗaya za ku bi da kowa. Abin da zai canja shi ne gyangyaɗin da kake yi a kujerar baya zai dawo bayan sitiyari. Mai ƙarancin barci idonsa kan rufe na daƙiƙa biyu ko uku bai ma sani ba. A gudun kilomita 80 a awa, daƙiƙa uku mita 67 ne mota take tafiya ba mai tuƙi, kuma ka san yadda gangaren Kugbo zuwa gadar Karu yake da manyan motoci. Ga bashi, ga mai, ga bakanike. Kuɗin da za ka zuba a nan, ɗaki kusa da aiki ya fi cancanta da shi.

Sai abin da kake sha, wanda shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙaramin gwangwanin lemon kuzari yana ɗauke da kimanin miligiram 80 na sinadarin kafeyin, manya sun fi haka, ga sukari mai yawa. Jiki yana ɗaukar kusan awa biyar kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ka kora da La'asar yana nan a jininka lokacin da ka kwanta, sai barcin awa biyar ɗin ma ya zama sama-sama, ka tashi a gajiye, ka sake neman gwangwani. Kada ka yanke shi rana ɗaya, don hakan kansa yana kawo ciwon kai na 'yan kwanaki. Ka koma ɗaya da safe na mako guda, sannan ka maye shi da shayi, kuma bayan Azahar kada ka sha ko ɗaya, har da goro da kofi.

Maganin kemis ɗin ma ina da magana a kansa. Ka duba sunan abin da ake ba ka. In akwai ibufurofen ko dikulofenak a ciki, waɗannan suna cin bangon ciki, musamman ga wanda ya fita tun Asuba bai karya ba, kuma suna iya zama sanadin zafin ƙirjin nan har su kai ga olsa. Wani abin da mutane ba su sani ba: shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da nasa ciwon kan, maganin ya zama shi ne cutar. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwali, ka rabu da shi kwata-kwata, kuma duk wanda ya miƙo maka tiramadol da sunan maganin gajiya, ka ce a'a.

Zafin ƙirjin yana da wani dalilin kuma. Kana cin abinci mai nauyi ƙarfe 10 ka kwanta a kansa, alhali ciki yana son tazarar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Ka juya tsarin: in ka tashi aiki, ka yi Magariba a Wuse, ka ci abincin darenka a nan, sannan ka kama hanya. Kafin ka isa gida ya narke. Kana shiga sai wanka da Isha'i, ka ajiye kayan gobe, wayar kuma a sa ta caji nesa da katifa. In ka kwanta 10:15 ka tashi ƙarfe 5, ka kusa awa bakwai ba tare da ka sauya gida ko aiki ba. Da rana kuma, bayan Azahar, ka samu minti 15 zuwa 20 na ƙailula ko a masallacin ofis ne. Kada ta wuce haka, don doguwa tana sa nauyin jiki.

Tun da dare kake dawowa, a tasha za ka riƙa shiga mota ko da za ka ƙara ɗari biyu. 'Yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, gajiyayyen da ya ƙosa ya isa gida suke nema a bakin titi.

Na san tafiya Zariya ita ce za ta fi yi maka wuyar taɓawa, kuma ba zan ce ka rage zumunci da mahaifiya ba. Amma dubi yadda kake yin ta: bayan awa 11 na aiki ka hau titin Kaduna da dare, titin da kowa ya san tarihinsa, ka dawo daren Lahadi, Litinin 4:30 kana tsaye. Ka mayar da ita sau ɗaya a wata, ka tafi da safiyar Asabar, ka juyo da hantsin Lahadi yadda za ka yi La'asar a ɗakinka. In jirgin ƙasa ya yi maka daidai, ka hau daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa da ke Kaduna, kana iya barci a ciki, daga Kaduna kuma Zariya ba nisa. Kuɗin tafiyar da ka fasa ka tura wa Hajiya, ka riƙa kiranta kullum kana cikin cunkoso, lokacin da dama a banza yake tafiya. Kuma ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki. Mu 'ya'ya mun iya ɓoye wa iyaye wahala don kada hankalinsu ya tashi, amma ina kyautata zaton in ta ji awa biyar kake barci, ita da kanta za ta ce ka zauna. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr, da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga neman abinci.

A ofis, ka nemi oganka a lokacin da yake cikin natsuwa, ka je masa da shawara maimakon ƙorafi: ka fara 7:00 ka tashi 4:30, ko a ba ka rana ɗaya a mako ka yi aiki daga gida in irin aikinku ya yarda. Wanda ya bar Wuse kafin biyar ba tafiya ɗaya yake yi da wanda ya bari 6:30 ba. Ka kuma buɗe takardar ɗaukarka aiki ka ga kwana nawa ne hutunka na shekara, ka karɓe shi, don na lura ba ka ambaci hutu ko sau ɗaya ba a shekara biyu.

Cikin makon nan ka je asibiti a auna maka hawan jini, a sake aunawa wata rana daban. In yana kai 140 bisa 90 ko fiye, sai likita ya bi sawu. Ka tafi da kwalayen magungunan da kake sha a gani. Idan kuwa ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse yana tafiya hannu, ko ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, ko wani ɓarin jiki ya yi sanyi, wannan ba na jiran Asabar ba ne, a ranar za ka tafi. In ba ko ɗaya, ka gwada sabon tsarin barcin da na abincin na mako uku, kana rubuta lokacin kwanciya da na tashi da ranakun da kan ya yi ciwo. In ciwon bai ragu ba, ka kai wa likita takardar, za ta taimaka masa ƙwarai. Allah ya ba ka lafiya, ka gaishe mini da Hajiya.