Hayaƙin da ido ba ya gani

Ka ce malamin ƙanwarka ya roƙe ka ka je ajinsu ka yi wa yara bayani a kan hayaƙi da gurɓatar iska, tunda ya ji kana koyon gyaran janareta. Sannan ka tambaye ni wai in inji ya sha sabis, ba ya fitar da hayaƙi, ai ba laifi a ajiye shi a baranda. Ajiye sifanar nan ka zauna, yaro. Shekara biyu kana shagon nan amma kake yi mini wannan tambayar? Ku 'yan yanzu hannu na kan aiki, ido na kan waya. Mu da muka koyi sana'a, ko tarin maigida sai mun saurara.

Launin hayaƙi ba zan ɓata bakina a kansa ba. Baƙi, mai ya yi yawa ko filta ta toshe. Shuɗi, ringi ya ci, inji na shan baƙin mai. Yaron da ya zo jiya ma ya san wannan. Abin da ke kashe mutane shi ne wanda ba shi da launi, ba shi da wari, likitoci na ce masa kabon monoksaid. Sabon inji fil daga kwali ma yana fitar da shi. In ka shaƙa, jininka ya fi kama shi a kan iskar da ke rayar da kai, fiye da sau 200. Mutum na numfashi, ƙirji na hawa yana sauka, amma jikinsa ba ya samun komai. Kuma yaro ya fi babba saurin numfashi, shi ya sa shi ke fara faɗuwa.

Wannan magana ta ci mini babur, ta kusa cinye mini suna a garin Gombe.

Wani mai makarantar kuɗi ne ta wajen Pantami, boko da safe, Islamiyya da dare. Ya zo nan da kansa, farar shadda, carbi a hannu, ya ce yana son inji saboda karatun dare, wutar NEPA ba ta da tabbas. Na je kasuwa na karɓo masa janareta bashi da sunana, don dilan ni ya sani. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku, ya ce ragowar sai iyaye sun biya kuɗin zango. Na yarda, don na ga harkar Alƙur'ani ce. Kwana biyu na yi a makarantar nan. Na auna da takuna daga tagar aji ta ƙarshe, na wuce mita 6, na kai injin can gindin katanga. Na sa mai walda ya haɗa masa keji na ƙarfe, sama rufin kwano, gefe a buɗe iska na ratsawa. Na juya bakin salansa ya kalli fili. Waya ta ƙare, na ƙaro nadi guda daga aljihuna. Da zan tafi na kama hannunsa na ce, Alhaji, ko ruwa ake da ƙanƙara kada injin nan ya shiga ƙarƙashin rufin da yara suke. Ya ce in sha Allahu.

Da hunturu ya kama, aka sace injin wani maƙwabcinsa. Sai ya sa maigadi ya ciro nasa daga keji, suka shigo da shi lungun da ke tsakanin azuzuwa biyu. Ka san sanyin watan Janairu a nan, ga ƙura, ga hazo. Aka rufe tagogi, wadda gilashinta ya fashe aka toshe da kwali. Bayan Isha'i yara suka fara dafe kai. Wani ya yi amai. 'Yan mata biyu da ke zaune kusa da ƙofa suka sulale ƙasa. Malamai suka ce iska ce ta buge su, aka hau tofi da ruƙiyya a cikin ajin, inji kuwa na ta ruri a bayan ƙofa. Iska ce kam, amma ba wadda suke nufi ba. Allah ne Ya kawo wani mai Keke Napep da ya zo ɗaukar 'ya'yansa, yana leƙowa ya ji kansa ya sara, ya kashe injin, ya yi ta fito da yara tsakar gida. Aka kai biyun asibiti, aka sa musu iskar oksijin, Allah Ya yi da sauran kwanansu.

Washegari iyaye suka cika ƙofar makaranta. Mutumin nan ya dube su ya ce makanike ne ya sayar masa da ruɓaɓɓen inji mai guba. Kafin a kira ni gaban mai unguwa ya sa an kwance kejin an ɓoye, an yanke wayar da na ja. Na ce a je a ga ramukan da aka kafa ƙafafun kejin, ya ce na shuka ne. Maigadin da ya ɗauki injin da hannunsa yana tsaye, kansa a ƙasa, bai ce uffan ba, don abincinsa na wurin. Aka bar jaki ana dukan taiki. Dattawa suka ce a yi sulhu, in ɗauki injina, shi kuma ya haƙura da abin da ya bayar. Na kawo shi shago na buɗe, ashe tunda na kafa shi ba a taɓa duba baƙin mai ba, fistin ya ƙone, kwayil na wari. Dila kuwa ba ruwansa da sulhu. Babur ɗina na sayar na biya shi. Kusan shekara guda ina tafe da ƙafa daga Bolari zuwa nan, kuma manyan kwastomomina uku ba su sake tako shagon nan ba. Har yau in na hango mutumin a sahun gaba ranar Juma'a sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Abin da ya fi kuɗin ci mini rai shi ne, aji cike da yara, ga malamai masu takardu, amma ba wanda ya san ya ce a kashe inji a buɗe taga. To ka je makarantar ƙanwarka. Amma kada ka je ka tsaya kana karanto musu abin da ka kwafo daga intanet da Turancin da kai ma ba ka iya ba. Yaro da ido yake koyo.

Ka fita da su fili. Ka tayar da ƙaramin janareta Tiger ɗin nan mai haɗa fetur da baƙin mai, irin wanda Kwastam suka hana shigo da shi tun 2015 amma har yau yana kowane lungu. Ka kara farin ƙyalle a bakin salansa na ɗan lokaci, ka kashe, ka miƙa musu su gani. Sai ka ce wannan baƙin shi ne wanda ƙyalle ya iya tarewa, mai kisan ya wuce ta cikinsa bai bar alama ba. Nan za su gane takunkumi na rage ƙurar hunturu, amma ba ya tare wannan. Ka nuna musu tsohuwar filta, ka kaɗa ta a kan farar takarda, ka tambaye su wace filta ce a ƙirjinsu da za a ciro a wanke da fetur.

Ka gaya musu ba inji kaɗai ba ne. Kaskon gawayi da iyayensu mata ke shigarwa ɗaki lokacin sanyi a rufe ƙofa, shi ma wannan gubar yake fitarwa. Bolar da ake cinna wa wuta a bayan makaranta, leda da roba da tsohuwar taya, ita ke tayar wa masu asma da ciwonsu, kuma sau da yawa yaran ake aika su kunna. Wannan ma malamin ya kamata ya ji.

In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, ga inji ko gawayi a kusa, su fita waje tukuna, a kashe, a buɗe ko'ina. Wanda ya suma a kai shi asibiti. Ba madara, ba manja, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai. Addu'a a yi ta a hanya. Ka sa su maimaita da baki kamar hadda har sai ya zauna, don su ne za su je gida su hana iyayensu shigar da inji zaure saboda tsoron ɓarawo.

Filtar da muka ciro jiya tana ƙarƙashin benci, kada ka wanke ta, da ita za ka tafi. Ka sa riga mai tsabta, kuma in sun tambayi wanda ya koya maka ka faɗa musu. Yanzu tashi ka gama kafireton can, mai shi zai zo bayan La'asar.