Fofoba na ya ƙi tashi, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani gashin Amurkawa da suke kira fofoba, wanda ke kumbura har ya zarce bakin gwangwani, cikinsa kuma rami. Na gwada, har bakar hoda na zuba, amma wasu sun fito a cunkushe, wasu sun tashi sannan suka lotsa. Ina na kuskure? Wata uwargida, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Da farko, ajiye bakar hodar nan, yis ma haka. Tururi kaɗai ke tashin fofoba. Ɗan'uwan fudin Yokshaya ne, wani gashin ƙullun fulawa da ƙwai na Ingila, ya samu gindin zama a gidajen yankin New England da ke arewa maso gabashin Amurka, inda ake cin sa da zafinsa da bota da jam. A jihar Maine, gidan cin abincin Jordan Pond House ya yi suna a kansa tun ƙarshen ƙarni na 19.

Ga awon guda 6: fulawa kofi 1 (giram 125), madara kofi 1 (mililita 240), manyan ƙwai 2, narkakkiyar bota babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. In madarar gari gare ki, dama ta da ruwan ɗumi, za ta yi. Kada ƙwan ya fito daga firji kai tsaye, sanyi na hana tururi tasowa da wuri. Kaɗa ƙwai da madara, ki zuba fulawa da gishiri, sannan bota. Da zarar gudaji sun baje ki dakata, yawan bugu na sa shi tauri. Ƙullun ya zama ruwa-ruwa, kamar kunun da bai yi kauri ba. Ki bar shi ya huta minti 30.

Sirrin yana wajen wuta. Obin ya kai digiri 230 na ma'aunin Celsius kafin komai ya shiga, gwangwanin ma a ɗumama shi a ciki, a shafe shi da bota sosai. Mai zurfi ya fi, amma na kek ma zai yi. Zuba ƙullu ya ɗan wuce rabi. Zafin farkon nan shi ke mayar da ruwan ƙullu tururi nan take, ƙwai da fulawa su miƙe su riƙe shi, ya buɗa ramin ciki. Wanda ya fito miki a cunkushe, wuta ce ta yi masa kaɗan.

Bayan minti 15 zuwa 20, rage wuta zuwa 175, ki ƙara kamar minti 15. Don Allah, a duk tsawon lokacin nan kada ki buɗe ƙofar obin don leƙe. Iska mai sanyi na shiga, tururi ya kwanta alhali ɓawon bai yi ƙwari ba, shi ne lotsawar da kika gani. Cirewa da wuri ma na jawo haka, don haka jira sai ya yi ja sosai.

Kina fitarwa, soka tsinin wuƙa a gefen kowanne don tururi ya fita, in ba haka ba cikin zai jiƙe. A kai shi tebur nan take.