Amsa ga ƙanenmu mai karatun zane a Tek

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka: ka shiga sashen zanen sadarwa a jami'ar KNUST ta Kumasi, wadda muke kira Tek, malamai sun cika ku da fastocin Jamus da Suwizalan na zamanin kakanni, kai kuma kana ganin gara a bar ka ka ƙware a Photoshop da CorelDraw ka fara samun na kashewa. Ka kuma ce ba ka ga abin da wannan salo zai tsinana wa ɗan zango ba. Na daɗe ina wannan sana'a tsakanin Aboabo da maɗaba'o'in Asafo, kuma shawarata ita ce ka riƙe darasin nan hannu bibbiyu. Manhaja kowa na iya koyonta cikin 'yan watanni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin inda za a ajiye kowace kalma.

Masu zanen fastocin nan na Jamus matsala suka tarar. Tallan zamaninsu cike yake da ƙawa, furanni a gefe, haruffa iri-iri, komai a tsakiyar takarda. Makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya buɗe a Weimar a 1919 aka rufe ta a 1933 saboda matsin 'yan Nazi, ta ce amfani ne gaba da ado. A 1925 Herbert Bayer ya zana haruffan da babu manyan baƙaƙe a cikinsu sam, abin da ya zama babban lamari a Jamusanci, inda kowane suna da babban baƙi yake farawa, amma kai da ka tashi da allo ka san Larabci bai taɓa buƙatar su ba. Jan Tschichold ya tattara ƙa'idojin a littafi a 1928: haruffa marasa ƙafa (wato marasa ɗan ƙawa a ƙarshensu), jeri daga gefe ɗaya, girman rubutu ya bi muhimmancinsa, fili kuma a bar shi fili. Daga baya 'yan Suwizalan suka ɗora da ragar awo, wato layukan da ake raba takarda da su kafin a sa komai. A can aka fitar da nau'in haruffan Helvetica a 1957. Ka nemi fastar da Josef Müller-Brockmann ya yi wa wasan kiɗan Beethoven a Zurich a 1955. Babu hoton mutum a ciki, sai baƙaƙen lanƙwasassun zane masu ƙara kauri da ɗan rubutu a jere, amma daga nesa idonka zai tafi inda yake so ya kai shi.

To yanzu dubi fastar Maulidi ko ta wa'azi da ake mannawa a bangon Asawase. Hoton malamai bakwai, kore da ruwan zinariya, taurari, haruffa kala shida, sai ka tsaya kana laluben ranar da wurin taron. Nan ne ilimin da kake rainawa yake aiki. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa maganin shi ne a rage sunaye. Ba za ka cire Sarkin Zango ba, ba za ka cire Magajiya ko uban taro ba, kuma ba za ka sa almajiri sama da malaminsa ba. Wannan ladabi ne, mai aiki ma ba zai karɓa ba. Ragar awo ce ke ba ka damar shigar da kowa a matsayinsa ba tare da takardar ta zama kasuwar Kejetia ba. Taken taro babba, rana da wuri a biye, sunaye a jere guda da girma ɗaya, hotuna daidai wa daida a layi.

Muna ma da wahalar da su ba su sani ba. Takardarmu ɗaya takan ɗauki Larabci, Hausar boko da Turanci, wani lokaci har da Tuwi. Larabci daga dama yake tasowa, boko daga hagu. Ni nakan ba kowanne shafinsa su fuskanci juna, in daidaita layin da suke zaune a kai, in ɗan ƙara wa Larabcin girma don a ido yakan fi ƙanƙanta. Aya kuwa ba a miƙe ta ko a matse ta don ta cike wuri, kuma a kai wa malami ya duba wasulla kafin a buga. Sannan kafin ka zaɓi nau'in haruffa, rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da ɛ da ɔ na Tuwi, ka gani ko suna ciki. Da yawa daga cikin sanannun ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani wuri, kalmar ta fito da harafi ɗaya bare. Noto Sans da Andika da Charis suna da su, kuma kyauta ne.

Ban ce ka zama Bajamushe ba. Tschichold da kansa ya sassauta daga baya, ya koma tsarin gargajiya lokacin da ya yi wa kamfanin Penguin aiki a Ingila daga 1947 zuwa 1949. Sauƙin da suke nema yana nan gida. Tutar Gana da Theodosia Okoh ta zana a 1957 launi uku ce da tauraro ɗaya. Je ka garin Ntonso kusa da Kumasi ka ga yadda masu buga adinkra suke fara ja wa ƙyalle layuka kafin su danna tambari. Dubi zayyanar allon sauka, ka ƙirga yadda aka raba ta. Masu rubutu a jikin tirotiro, motocin haya, ma sun san tazarar haruffa da ido kawai, ka zauna wurinsu in ka samu dama.

Ga aikin da nake ba yaran shagona. Ɗauki fastar walima ɗaya daga bango, ka sake ta da baƙi da fari kawai, nau'in haruffa ɗaya, girma uku, kada ka zubar da suna ko guda. Buga ta a A3, manna ta, ka tsallaka titi ka duba. In ka iya karanta rana da wuri daga can, sai ka ƙara launi ɗaya. Ranar kai aiki Asafo kuma ka mai da launukan zuwa CMYK, tsarin launin injin buga takarda, rubutun ka mai da shi zane don kada injinsu ya sauya maka haruffa. In ka gama ka sako ta nan zauren, ta farko da taka gefe da gefe, mu duba tare.