Shin Microsoft za ta daina ƙera Xbox?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Microsoft na shirin daina ƙera Xbox, na'urarta ta wasan bidiyo, tunda ga wasanninta na fitowa a PlayStation, na'urar abokiyar hamayyarta Sony. Ni a ganina ba dainawa za su yi ba, salo suke sauyawa.

A Yunin 2025 sun sanar da yarjejeniya da AMD, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, kan ƙwaƙwalwar Xbox mai zuwa. Mai niyyar rufe shago ai ba ya saro sabon kaya. Ga kuma ROG Xbox Ally ta riƙewa a hannu, ƙirar kamfanin Asus, da ta fito a Oktoban shekarar. Windows ce a cikinta, har wasannin Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, kana iya bugawa. Can nake ganin suka dosa: kwamfuta sanye da rigar na'urar wasa.

Dalilin kuwa kuɗi ne. PlayStation 5 ta yi wa Xbox Series X da S fintinkau a kasuwa, kuma wanda ya zuba kusan dala biliyan 69 ya sayi kamfanin wasanni Activision Blizzard, kamar yadda Microsoft ta yi, ba zai zauna jiran masu Xbox kaɗai ba.

Farashin ne ke damuna. In ta zama kwamfuta sosai, kada ka sa ran arahar Series S.