Amsa: dokokin gasar fantasi ta besbol

Malam, ka ce abokan aikinka a can Amurka sun ɗora maka shugabancin gasar fantasi ta besbol, wato wadda kowa ke haɗa tawagarsa a takarda daga 'yan wasa na gaske, yana samun maki gwargwadon ƙwazonsu a fili, kana neman dokokin da za ka shimfiɗa. Da farko ka rubuta komai tun kafin ranar zaɓen 'yan wasa, kowa ya karanta ya amince. Dokar da aka fito da ita tsakiyar kaka, ko ta gaskiya ce, wani zai ga da shi ake.

Sai tsarin maki. Akwai Rotisserie, wanda Daniel Okrent da abokansa suka fara a New York a 1980: ana tara alƙaluman kaka gaba ɗaya, yawanci rukuni goma, biyar na masu dukan ƙwallo, biyar na masu jifanta. Akwai kuma karawar mako-mako, inda kowane mako tawagar mutum ke karawa da ta wani. Ga sababbin shiga na fi son ta biyun, domin wasa 162 kowace ƙungiyar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, take yi a kaka, kuma wanda ya ga kansa a ƙasa tun watan Yuni yakan yi watsi da tawagarsa.

In gwanjon 'yan wasa za ku yi a ranar zaɓe, al'ada ita ce dala 260 ta lissafi ga kowa.

Amma inda rigima take shi ne musayar 'yan wasa. A tamu gasar wani ya miƙa wa ƙanensa gwanin mai jifansa, ya karɓi ɗan wasan da ke jinya. Saura ƙiris mu watse. Don haka ka rubuta ƙarara: ba a soke musaya sai an ga haɗin baki, mutum uku da ba ruwansu su yanke hukunci cikin kwana biyu, kuma a rufe musaya a watan Agusta. Kuɗin shiga kuwa, karɓe shi kafin zaɓe.